Makon da na aiki dillalin raguna sayen katin wifi

Ko da zan tsufa har in riƙa neman carbina alhali yana wuyana, ba na jin zan manta da makon da na aiki kakana Maraɗi ya sayo mini katin wifi. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma har yau in abin ya faɗo mini sai dariya ta taso, a bayanta kuma wata 'yar kunya da ba ta gama sakina ba.

A lokacin ina koyarwa a wata lakkwal ta firamare a nan Dakoro, 'yar kwantiragi. Shekara uku ina jefa dosiye, wato takardun neman aiki, duk inda na ji an buɗe ƙofa, ko wanda zai kira ya ce mini an gani babu. Kwatsam sai wata ƙungiya mai koyar da matan makiyaya karatu ta kira ni. Dosiyena ya wuce, saura ganawa ta bidiyo ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe. Suka kuma ja mini kunne cewa dole da ordinater, wato kwamfuta, za a yi, domin za su aiko mini da takarda in cika suna kallo daga can. Salula ba ta yi. Wanda bai hau a kan lokaci ba, an wuce shi ke nan, babu wani zama na biyu.

Ina da ordinater, in dai za a kira shi haka. Na hannu ne, irin na ɗauka a jaka, na saye shi wajen wani ɗan ajinmu da ya gaji da shi. Ramukan soka kile, wato USB, biyu gare shi. Ɗaya ya mutu tun kafin in saya, ɗayan kuwa in ka yi atishawa kusa da shi sai ya saki abin da ka soka. Wifi ɗinsa kaɗai ke da lafiya, da shi nake jawo rezo, wato intanet, daga salulata. To ranar Asabar da la'asar, ina cikin gwada yadda zan zauna da yadda zan yi murmushi, sai na ga alamar wifi ta ɓace ɓat. Na kashe na kunna. Na cire batiri na mayar. Na hura masa iska ta kowace kafa, har addu'a na tofa masa, bai ko kula ni ba.

Washegari na kai shi wajen wani mai gyaran salula da ordinater a bakin tasha, mutum mai sanyin magana da ba ya gaggawar komai a duniya. Ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gwangwanin tumatir, ya ɗaga bayan injin, ya ɓalle wasu wayoyi biyu siraran gaske, fara da baƙa, sannan ya zaro wani ɗan abu da bai kai rabin akwatin ashana ba. Ya ɗora mini a tafin hannu.

"Madam, ga mamacin," in ji shi. "Wanga shi aka kira katin wifi. Ya ƙone. Nan Dakoro ba ki samu nai, sai Maraɗi. Amma ki ji ni da kyau, sai irinsa sak. Injin ga ba kowane kati yake karɓa ba."

Na ce a soka wayar caji daga salula mana a jawo rezo ta nan, na ji ana yin haka. Ya soka, ya ɗan taɓa tebur da gwiwa, abu ya yanke. Ya dube ni, na dube shi. Na tuna abokiyar aikina mai ordinater, na kira ta, ashe tana garin Tawa wajen biki, da injin nata a jaka. Na leƙa siber ɗin garin, shagon da ake biya a hau intanet, injunansu ba su da kamara. Ga shi Litinin da Talata yarana na jarrabawa, direktanmu kuwa ko mutuwa aka yi sai ya tambayi wa zai tsare aji. Na koma gida jiki a sanyaye, sai na tarar da kakana a zaure yana cewa gobe da asuba zai bi motar raguna zuwa Maraɗi.

Kakan nan nawa mahaifin innata ne, dillali ne a kasuwar dabbobi tun kafin a haifi innar. Daga Dakoro zuwa Birnin Lalle har Bader Goula, babu Bafulatani ko Buzun da bai san rawaninsa ba. Bai taɓa shiga lakkwal ba, amma alfaharinsa ɗaya ne a duniya: duk wanda ya aike shi sayen dabba, sai ya kawo masa wadda ta fi kuɗinsa. Ni da shi kuwa wasan jika da kaka ne tun ina rarrafe. Yana kirana uwargida, ina kiransa tsohon miji, kullum muna cikin saki da kome.

Na naɗe mamacin a takarda, na sa a leda, na ba shi tare da kuɗin. Ya warware, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Uwargida, mi aka yi da ɗan abin ga?"

Na ce, "Kai dai tsoho ka nuna masu, ka ce irinsa kake so. Bayanin ya fi ƙarfin rawaninka."

Ya yi dariya ya ce zai sake ni in ya dawo. Duk abin da mai gyara ya faɗa mini, cewa sai irinsa sak, cewa injin ba kowane yake karɓa ba, ko kalma ɗaya ban gaya masa ba. A raina na ce ina ruwan dillalin raguna da wannan, ɓata yawu ne kawai. Minti biyar ɗin da na ƙi kashewa ke nan.

Ranar Talata da la'asar na tashi daga lakkwal na wuce kai tsaye bakin tasha. Ina zaune a bencin mai gyara, ga mai shayi a gefe, ga 'yan kabu-kabu sun jera babura a inuwa, sai ga tsoho ya sauko daga mota. Tun daga tafiyarsa na san ya yi ciniki mai daɗi, don irin takun da yake yi ke nan in ya kayar da wani a kasuwa. A hammatarsa kuwa kwali ne kamar na takalmi. Na ce a raina ƙila sun cika shi da takardu ne.

Ya ajiye kwalin a tebur, ya gyara rawani, ya jira sai da kowa ya juyo, sannan ya buɗe. Jama'a! Wani kati ne ya fi tafin hannuna tsawo, da faifan ƙarfe a gindinsa, da sanduna biyu baƙaƙe a tsaye cirko-cirko.

"Dubi ƙahoni!" in ji shi. "Uwargida, ɗaga ki ji nauyi. Wancan naki ai yunwa ta kashe shi. Mai shagon ya hiddo mani wasu 'yan ramammu irinsa, na ce kai ɗana, ni za ka yi wa haka? Na san halinku, mai kyau yana baya a ɓoye. Shiga ciki ka hiddo shi. Ya yi ta gardama, ni kau na zauna. Sai da ya gaji ya kawo wanga."

Mai gyara ya matso. Ya ɗauki katin, ya kanga shi a jikin ordinater ɗina. Faifan ƙarfen kaɗai ya fi injin duka kauri. Ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, wanga na babban inji ne, irin na ofis mai akwati ƙarƙashin tebur. Nan ko da guduma ba ya shiga."

Wani ɗan kabu-kabu ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai wurin ya ɗauka. Mai shayi har da riƙe ciki. Ni kuwa na fi kowa, ina dariya hawaye na zuba, rabi na dariya rabi na takaici, don a lokacin nan na gane saura mini kwana ɗaya tak. Na ce, "Haba tsoho! An aike ka sayen kaza ka jawo raƙumi!" Aka sake fashewa. Da a nan na tsaya, da wasa ne irin wanda muka saba. Amma bakina ya riga ya ɗau zafi, sai na ƙara da cewa, "Laifina ne ma. Dama aikin ga ba na wanda bai shiga lakkwal ba ne."

Dariyar ta ragu. Na jira ya rama, don tunda nake da shi bai taɓa bar mini kalmar ƙarshe ba. Bai rama ba. Ya mayar da katin cikin kwali a hankali, ya rufe, ya sa a hammata, ya yi wa mai gyara sai an jima, ya bi hanyar gida. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Innata tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Wanga shi ne wasan jika? A bakin tasha, gaban yaran babura?" Na ce ai sai a mayar da katin a musanya, shi ke nan. Sai ta ajiye rariya ta dube ni. Ta ce ko na manta ɗiyar wane gida ce ni. A kasuwar dabbobi in mai kaya ya ce ya sallama aka sha hannu, magana ta ƙare, ko da dabbar ta faɗi a ƙofar kasuwa. Dillalin da ya komo da abin da ya saya ya nuna wa duniya idonsa ya mutu. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin babanta ya mayar da ko ɗan akuya ba. Ni kuwa ba ni da halin sayen kati na biyu, kowa a gidan ya san haka.

Da asubar Laraba ina alwala na ji sallamarsa a ƙofa. Kwalin na hammatarsa. Bai ce uwargida ba, cewa ya yi, "Ke, shirya mu tahi." Na roƙi wata malama ta haɗa ajina da nata, na ɗauki mamacin, muka nufi tasha. Ordinater ɗin na bar shi a teburin mai gyara, don a warwatse yake, ya ce in aka jijjiga shi a mota haka sai a dawo da wata cutar. Tun daga Dakoro har Maraɗi tsoho bai ce mini uffan ba. Da aka tsaya a hanya ya sayi ƙosai ya ɗora mini a cinya, ya ci gaba da kallon gonaki ta taga. Ban taɓa cin ƙosai mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Shagon wani ɗan lungu ne kusa da babbar kasuwa, cike da matattun injuna har rufi. Mai shagon, wani magidanci mai tabarau a goshi, yana ganinmu ya miƙe ya ce, "A'a, Baba! Ka dawo?"

Kakana ya ajiye kwalin. Ya ce, "Ɗana, na zo maka da abin da ban taɓa yi ba tunda uwata ta haihe ni. Mun sha hannu, na sani. In ka ce ba ka karɓa, ba ka yi laihi ba. Amma yarinyar ga gobe da sahe za ta zauna gaban manya."

Mai shagon ya ce haba Baba, ai ba komai, kayan inji ba rago ba ne. Sannan ya juyo gare ni yana dariya ya ce, "Ke ce jikar? Wallahi shekaranjiya tsohon ga ya wahalshe ni. Na ce masa ba zai shiga ba, na rantse, ya ce haka kowane mai kaya yake rantsuwa. Ya zauna nan kan bencin ga tun hantsi har azahar. Ya ce jikarsa ta yi shekara uku tana jiran ranar ga, ba zai kai mata ramamme ya mutu a tsakiyar magana ba."

Na sunkuyar da kai. Ni ban taɓa sanin yana ƙirga shekarun nan tare da ni ba.

Don in ɓoye fuskata sai na shiga harkar ciniki, har da juya harshe zuwa Faransanci, wai a san 'yar lakkwal ta iso. Mai shagon ya zubo ƙananan katuna a faranti. Idona ya faɗa kan wani sabo fil a cikin ledarsa, yana sheƙi. Na ɗora mamacin a kansa, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, ramin kusa a wuri ɗaya. Lambobin da ke jiki sun bambanta, amma mai shagon ya ce wannan sabon fitowa ne, ya fi gudu nesa ba kusa ba. Na ce shi ke nan, naɗe mini. Sai yanzu da nake ba da labarin nake ganin abin dariyar: shi tsoho ya bi mai ƙiba, ni mai difilom na bi mai sheƙi, duk kuskure ɗaya muka yi.

Har an fara naɗewa sai na ji muryar tsoho daga benci. "Miƙo su nan, duka biyun."

Na ce, "Tsoho, mota za ta tashi." Ya miƙo hannu kawai. Na ba shi. Ya fita bakin ƙofa inda haske yake, ya riƙe su kusa da ido, ya karkata su, yana bin gefen nan mai layukan ruwan zinariya da farcen babban yatsa.

"Ni dai ban taɓa sayen dabba ban buɗe bakinta ba," in ji shi. "Zo ki duba haƙoran ga. Mamacin naki giɓi biyu gare shi. Wanga sabon giɓi guda."

Na duba. Wallahi haka ne. A gefen da ke shiga cikin injin, tsohon katin yana da 'yar tsaga biyu, sabon kuwa ɗaya. Mai shagon ya sauko da tabarau daga goshi, ya karɓa, ya duba, ya buga lambar a salularsa, sai ya dafe kai. Ya ce, "Gaskiyar Baba. Mai giɓi gudan ga na sababbin injuna ne. A naki ko ya shiga ramin ba zai tashi ba. Da kin kai Dakoro kin zauna kina kallonsa."

Na nemi benci na zauna. Da na tafi da shi, da sai bayan magariba za mu gane, ga ganawa da safe, ba sauran wata mota da za ta kai ni Maraɗi ta dawo da ni.

Daga nan ni da Faransancina muka koma gefe. Mai shagon ya jawo wani gwangwanin madara cike da katunan da aka ciro daga matattun injuna, ya juye a gaban tsoho. Shi kuwa ya tanƙwashe ƙafa, ya shiga aikinsa. Masu giɓi ɗaya ya ture su gefe. A cikin masu giɓi biyu ya ɗaga wani ya ce haƙoransa sun yi baƙi, wannan ya sha ruwa. Ya ɗaga wani ya ce ɗaya daga cikin 'yan maɓallan da wayoyi ke kamawa ya karye. A ƙarshe ya ware wani tsoho mai ƙarzajjen baya, ba kyan gani ko kaɗan, ya ce a duba lambar wannan. Lambarsa ta zo ɗaya da ta mamacin. Duk da haka bai yarda ba, ya ce shi ba ya sayen dabba a kwance, a tashe ta ta taka ya gani. Mai shagon ya buɗe wani injinsa ya sa katin, rezo ya kama. Sai a lokacin tsoho ya miƙa hannu aka sha.

Mun iso Dakoro ana kiran magariba, mai gyara yana nan yana jiranmu, Allah ya saka masa. Ya zura katin, ya ɗaure kusa, ya maƙala fara da baƙar wayar da bakin farce, ya kunna. Sai ga alamar wifi ta fito ta cika. Na rangaɗa guɗa a bakin tasha, ni da ko a biki ba na yi. Na juya in nemi tsoho, ashe ya riga ya wuce masallaci.

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas ya zo ya dasa kujera a ƙofar ɗakina da sandarsa. Awakin gida ya kore su bayan gari, innata ya hana ta daka, wata maƙwabciya da ta zo aron turmi ya mayar da ita tun daga zaure. Ina ciki ina amsa tambayoyi ina jinsa yana yi wa zakara barazana ƙasa-ƙasa. Awa guda cur katin nan bai yanke ko sau ɗaya ba. Da na fito ya dube ni, na ce an gama lafiya, ya ɗauki kujerarsa ya tafi. Har lokacin bai kira ni uwargida ba.

Bayan mako biyu aka kira ni aka ce na samu aikin. Ranar kasuwa ce. Ban gaya wa innata ba, ban gaya wa kowa ba, na ja mayafi na nufi kasuwar dabbobi, wurin da rabona da shi tun ina ƙarama. Na same shi a tsakiyar dillalai da Fulani, ya riƙe wani rago ta haɓa. A gaban mutane na muzanta shi, don haka a gaban mutane na durƙusa, cikin turɓaya da kashin awaki. Na ce, "Kaka, na samu aikin. Idonka ne ya samo mani shi. Maganar da na faɗa a tasha kuma, ka yafe mani."

Ya dube ni, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya goge da bakin rawani. Sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Tashi, uwargida, kar ki ɓata mani ciniki. Na maishe ki ɗakinki." Dillalai suka fashe da dariya, ni kuwa ina dariya ina kuka, ba ruwana da mai kallo.

Abin da makon nan ya koya mini bai da yawa, amma ya zauna. In zan aiki mutum yanzu, sai na zaunar da shi na gaya masa abin da ake nema da dalilinsa, ko da a ganina ba zai gane ba, domin yawanci ni ce ban gwada ba. Matan da nake koya wa karatu a rugage kuwa, wasu sun haifi innata, ban taɓa shiga wurinsu da tunanin na fi su sani ba. Ni na san baƙaƙe, su sun san abin da suka shekara suna dubawa, kuma na riga na ga ranar da baƙaƙena suka kusa kayar da ni, wanda bai shiga lakkwal ba ya tare ni.